Ga masu zuwa wajen aboki a Jidda, da masu son su leƙa Ɗa'ifa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka sammini fili a jaridar nan in yi magana da mutanenmu na Kano masu shirin zuwa Jidda, ba don aikin Hajji ko sarin kaya ba, sai don su je su ga aboki. Irin wannan tafiya ta yawaita. Da wuya ka bi layi a Fagge ko Kurna ko Gwammaja ba ka sami gidan da ke da ɗa a can ba, wani direba, wani tela, wani ma'aikacin asibiti. Sai dai yawanci da ka ake yin tafiyar, kamar za a je Zariya ɗaurin aure. A sauka, a yi kwana goma a ɗakin mai masauki ana shan sanyin na'ura, a shiga kasuwar Bab Sharif a yi tsaraba, a dawo. Teku ba a gan shi ba sai ta tagar jirgi, dutsen Ɗa'ifa sai dai labari, ga shi an bar wa aboki ɗawainiyar da zai yi wata uku bai farfaɗo ba. Abin da nake so in ce shi ne, wanda ya ɗauki nauyin kansa tun daga Kano, shi ne yake ganin gari, kuma shi ne ake marmarin ya dawo.

A fara da takarda, don a nan zumunci ya fi lalacewa. Mutane da yawa suna zaton duk mai igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, zai iya turo wa wanda ya ga dama biza. Ba haka ba ne. Bizar ziyarar iyali ta dangi ce na kusa, irin iyaye da mata da 'ya'ya, kuma sai an nuna shaidar dangantakar. Akwai wata ta ziyarar aboki da aka buɗe a ƙarshen 2022, amma ɗan ƙasar Saudiyya ne kaɗai yake da ikon gayyata da ita. Abokinka Bakano, ko shekara ashirin ya yi a Jidda, ba shi da wannan ikon. Abin da ya rage wa yawancinmu shi ne bizar Umara ta hannun kamfani mai lasisi, wadda tun 2022 aka tsawaita zamanta zuwa kwana 90, aka kuma yarda mai ita ya zaga sauran garuruwan ƙasar. Bizar yawon buɗe ido da ake cikewa ta intanet kuwa, mai fasfon Najeriya ba ya shiga cikinta kai tsaye, sai in yana da bizar Amurka ko Ingila ko ta ƙasashen Shengen mai rai wadda ya riga ya yi amfani da ita, ko yana da takardar zama a can.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A watan Nuwamban 2023 jirgi ya tashi daga Legas ya biyo ta Kano da fasinja 264, ya sauka Jidda, aka bar 87 suka shiga, aka juyo da 177. Bayanin da hukumomin Saudiyya suka bayar shi ne an samo musu nau'in bizar da ba su cancanta ba ta hanyar cike bayanan da ba daidai ba.  Saboda haka duk ejan da ya ce maka "kawo fasfo kawai, ba ruwanka da sauran", karɓi fasfonka ka ƙara gaba. In biza ta fito, ka sami mai karanta Larabci ya duba maka abu huɗu: nau'inta, ranar da za ta mutu in ba ka shiga ba, yawan kwanakin da aka ba ka ka zauna, da ko shiga ɗaya ce ko fiye. Na biyu da na uku su ne ake rikitawa. Wani zai ga an rubuta shekara guda ya saki jiki, alhali kwanakin zamansa 90 ne ko 30, kuma daga ranar da aka buga masa hatimi ake lissafi. Mai bizar Umara kuma yana da wani wa'adin daban: in Hajji ya gabato ana sa ranar da kowa zai fice, ko kwanakinsa sun ƙare ko ba su ƙare ba. A 2025 ranar ita ce 1 ga Zulƙida. Dokokin nan kusan kowace shekara sai an taɓa su, don haka abin da maƙwabcinka ya yi bara ba hujja ba ce bana.

Wanda ya wuce wa'adi, tararsa tana kaiwa riyal 50,000, da ɗaurin da zai iya kaiwa wata shida, sannan a yi masa tarhil, wato a koro shi gida, ta gidan tsare baƙi na Shumaisi. Tunda riyal 3.75 ne dala ɗaya, kuma haka yake a ɗaure tun 1986, kowa ya buga ya ga abin da ya kama a naira. Abin da baƙo ba ya tunawa shi ne wanda ya ba shi wurin kwana ma doka tana hawa kansa, tarar ɓoye wanda ya karya dokar zama tana kaiwa riyal 100,000, kuma igamarsa ce za ta tafi. Kai ka dawo gida da labari, shi ya rasa abincin iyalinsa.

Sai kaya. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Katin allurar shawara ya kasance a jikinka, ba a cikin akwatin da aka auna ba, mai Umara kuma ya haɗa da ta sanƙarau da ɗigon shan-inna. Goro kada ya shiga jaka ko ƙwaya ɗaya, hukumar alhazai kowace shekara sai ta maimaita wannan, kuma kowace shekara sai an kama wani. Mai shan magani kullum, na hawan jini ko na suga, ya tafi da shi a kwalinsa na asali tare da takardar likita. Duk abin da ke da tiramadol ko kodin a ciki, a bar shi a Kano. Safarar ƙwaya a can hukuncinta kisa ne, kuma an zartar da shi a kan 'yan Najeriya. Babbar jarrabawa ita ce saƙo. Da an ji za ka tafi, za a fara sallama: "Alhaji, ga ɗan yaji da kuka ka miƙa wa Hajiya." Karɓa ba laifi, amma a kwance ƙullin a gabanka, ka zuba hannu har ƙasa, ka sake ɗaurewa da kanka. Wanda ya ji haushin haka, ya riƙe kayansa. A wurin awo kuma ka ƙirga 'yan takardun da aka manna maka a bayan tikiti, su yi daidai da yawan jakunkunanka. Jaka biyu, takarda biyu. Ba mu manta da ɗalibar nan mai karatu a Kano da aka kama a ƙarshen 2018 saboda wata jaka da aka maƙala wa sunanta ba ta sani ba, sai a Afrilun 2019 ta kuɓuta.

Kuɗi kuma ka canji riyal ɗinka a Wapa kafin ka tashi, kada ka dogara da katin banki na naira, yau ya yi aiki gobe ya ƙi. Wanda ke ɗauke da abin da ya kai adadin da doka ta ƙayyade, kuɗi ne ko zinare, wajibi ne ya bayyana wa kwastan. Soket ɗinsu irin namu ne mai ƙafa uku, ba sai ka sayi komai ba.

Akwai abu biyu da za ka tambayi abokin tun kana gida. Na farko, a ina yake zaune yanzu. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 an rushe unguwanni masu yawa a Jidda, ciki har da waɗanda Hausawa suka fi sani, irin su Sabil da Kandara da Gulel da Karantina. Kwatancen da aka saba, "bayan masallacin kaza, kusa da mai shayi", ya zama fili fetal. Ya turo maka alamar gidan ta taswirar waya, da gajeren adireshin nan nasu mai harafi huɗu da lamba huɗu. Na biyu, ku daidaita a wace tasha jirginka zai sauka. Filin jirgin Sarki Abdul'aziz yana da sabuwar tasha ta ɗaya da aka buɗe a 2019, da ta arewa, da ta alhazai, kuma tsakaninsu tafiyar mota ce, ba ta ƙafa ba. An sha yin awa biyu ana neman juna, kowa yana rantsuwa yana bakin ƙofa. Da ka fito ka sayi layin waya da fasfonka a nan filin jirgin, za a ɗauki hoton yatsanka, minti kaɗan ne. Da layi a hannunka za ka kira motar Uber ko Careem da kanka, ba sai mai masauki ya bar aiki ya zama direbanka ba. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu.

Maganar harami ma a gama ta a Kano. In niyyarka daga sauka sai Umara, ka sani jirgi yana ƙetare daidai mikati tun yana sama, don haka ake ɗaurawa kafin a hau ko a cikin jirgin. In kuwa za ka fara zama a Jidda ne, ka zauna da malaminka ka faɗa masa tsarin tafiyar dalla-dalla, ya gaya maka inda za ka ɗauka. Ba a bakin ƙofar jirgi ake neman fatawa ba.

Yaushe ya fi? Jidda tana da daɗi daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da bazara kuwa, kada Bakano ya ce ai ya saba da zafin Afrilu. Namu busasshe ne, gumi yana fita iska ta shanye, jiki ya huce. Nasu jiƙaƙƙe ne, iskar ta riga ta ƙoshi da ruwan teku, gumin ba ya bushewa, sai ya tsaya a jiki kamar an shafa maka koko. Digiri 38 a can ya fi 42 na Kano wahala, kuma a Yunin 2010 sai da ma'auni ya kai 52. Mai son ya ga furen wardi a Ɗa'ifa, Maris da Afrilu ne lokacinsa. Hutun mako a can Juma'a da Asabar ne, saboda haka mafi dacewa ka sauka Laraba ko Alhamis, ka huta, ka sami abokin a kwanakin da yake da sarari. Sauran ranakun shi ma'aikaci ne a ƙarƙashin wani, ba zai iya cewa "na yi baƙo" ya ƙi fita ba.

Kuma a ji tsoron Allah a kan masauki. Hadisi ya ce liyafa kwana uku ce. Mutumin nan wataƙila ɗaki biyu yake haya shi da iyali, ko ɗaki ɗaya su huɗu da abokan aiki, kunya ce kawai ba za ta bar shi ya faɗa ba. Ka riga shi: ka ce kwana uku za ka yi a wajensa, sauran ka kama ɗaki. In ya rantse sai ka zauna, to cefane da man mota su dawo wuyanka ba tare da an yi ta ja-in-ja ba.

Yanzu garin kansa. 'Yan kasuwarmu sun san Balad, tsohuwar unguwar tsakiyar Jidda, kamar yadda suka san Kwari, amma ido a ƙasa suke shiga, suna duba abaya da dadduma da turare. Da za su ɗaga kai da sun ga dalilin da ya sa UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Tun shekara ta 26 bayan Hijira Sayyidina Usman ya mai da Jidda tashar jiragen ruwan Makka, kuma ta nan kakanninmu suke shiga bayan sun taka ƙasa ta Barno da Chadi da Sudan sun hau jirgin ruwa a Sawakin. Gidajen hawa huɗu ne, biyar, wasu har fiye, kuma ba da tubali aka yi su ba, da dutsen murjani ne da aka sassaƙo daga gaɓar teku. Ka matsa kusa da bangon da yaɓensa ya zube, za ka ga 'yan ramuka kamar saƙar zuma, wani wurin har da ɓawon katantanwa. Dutsen ba shi da nauyi amma yana da gautsi, shi ya sa magina suke shimfiɗa katako a kwance bayan kowane 'yan sahu, ya rarraba nauyin. Gishirin ƙasa yana cin gindin ginin, don haka za ka ga wasu gidajen sun karkata an tokare su. Inda aka sa shinge kada ka tsallaka don ɗaukar hoto.

Tagogin nan na katako da suka turo waje, rawashin suke ce musu. Ba ado kaɗai ba ne. Saƙar katakon tana tace rana, tana barin iskar teku ta ratsa, matan gida suna ganin titi ba a ganinsu, a da kuma a nan ake ajiye tulu iska ta sanyaya ruwan, dabarar randa dai. Gidan da ya fi cancanta a shiga shi ne Baitu Nasif, wanda aka gama a 1881, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya karɓi Jidda a 1925. Matakalarsa mai faɗi ce marar tsayi, yadda raƙumi zai iya hawa da kaya. A ƙofar gidan akwai wata tsohuwar bishiya da ake ji da ita, ana cewa an yi zamanin da ita kaɗai ce a garin. Bakano zai kalle ta ya yi dariya, don darbejiya ce. Ganuwar garin kuwa an rushe ta a 1947, sai ƙofofi irin su Bab Makka da aka sake ginawa don tunawa. Mai tsayawa a wurin ya tuna da tamu badalar da ake yanka ana gina shaguna. Su yau kuɗi suke zubawa suna lallaɓa abin da ya rage musu.

Kada ka je Balad da hantsi, za ka tarar da ita a rufe, ga rana. Bayan La'asar ake shiga, a yi Magariba a Masallacin Shafi'i, a bi ta Kasuwar Alawi, a fito bayan Isha. Jidda garin dare ce. Hoto kuma na gini ka ɗauka, ɗaukar mutum ba da izininsa ba, musamman mace, laifi ne mai tara.

Bakin teku, wanda suke kira Kornish, ya kai kamar kilomita 30, ba a gama shi da ƙafa. Wuri biyu sun isa. Ta kudu, bayan Magariba, a ga feshin ruwan Sarki Fahad da aka ƙaddamar a 1985, yana harba ruwan teku sama mita 312. Ta arewa kuma Masallacin Rahma, wanda aka kafa a kan ginshiƙai cikin ruwa, in teku ya cika sai ka ce yawo yake a kai. Wanka kuwa sai inda aka keɓe, galibi wajen Abhur. Bahar Maliya ba Tiga ba ce. Gishirinta ya kai giram 40 a kowace lita, ya fi na yawancin tekuna, in ya shiga ido sai ka yi hawaye. Ƙasan kuma murjani ne mai kaifi, da wata halitta mai ƙaya kamar bushiya, saboda haka ba a shiga ba takalmin roba. In murjani ya yanke ka, ka wanke da ruwan daɗi da sabulu nan take ka cire ɓarɓashin, in ba haka ba ciwon yana ruruwa. Abu mafi hatsari shi ne ruwan yana tafiya iya gwiwa, iya ƙugu, sai kwatsam tudun murjanin ya yanke, zurfi ya buɗe. Wanda iyonsa na kududdufi ne ya tsaya inda ƙafarsa take taɓa ƙasa.

Babbar kasuwar kifi da safe ake zuwa. Ka zaɓa, a auna, ka kai wa masu gyarawa su fere su yanka a kan ɗan kuɗi kowane kilo, sannan ka miƙa wa masu suya ko gashi. Najil shi ne mai tsada, hamur da sha'ur sun fi sauƙi. Ka ɗaga marfin kunnen kifin ka ga ja ne jawur, ido garau, in ka danna tsokar ta dawo. Mu da muka saba da tarwaɗa da karfasa, wanda bai taɓa cin jatan lande ba ya fara da kaɗan, akwai jikin da ba ya karɓarsa, sai kumburi da ƙaiƙayi.

In hadari ya haɗu a Jidda, ka zauna a gida. Ruwa ba ya yawan sauka, amma in ya zo daga duwatsun gabas yake gangarowa, garin kuma a shimfiɗe yake. Ambaliyar Nuwamban 2009 ta kashe fiye da mutum ɗari, a Nuwamban 2022 ma an sake yin wata mai ƙarfi. Hanyoyin da suka nutsa ƙarƙashin gada su ne tarkon. Lambar neman agaji 911 ce.

To, sai dutse. Daga Jidda zuwa Ɗa'ifa ta hanyar Hada kamar kilomita 170 ne, misalin Kano zuwa Katsina, awa biyu zuwa biyu da rabi. Amma Jidda a bakin ruwa take, Ɗa'ifa kuwa tana sama da kusan mita 1,900, garin Hada da ke kusa da ita ya kai 2,000, na Shafa ya fi haka. Jos da muke yi wa kirari da sanyi ba ta wuce 1,200 da 'yan kai ba. Mafi yawan hawan a cikin kamar kilomita 20 yake, daga Kar a gindin dutse zuwa Hada, kwana a kan kwana. Hanyar tana da kyau, an raba ta biyu, kuma an hana manyan motoci bi. Sai dai ana rufe ta in gajimare ya sauko ko ana ruwa, saboda faɗowar duwatsu, a farkon 2025 ma an rufe ta makonni ana gyara. In ta rufu sai a zaga ta Sailul Kabir, ta fi nisa amma hawanta a hankali yake. A duba kafin a fito. A lokacin Hajji kuma, tunda hanyar ta gefen Makka take bi, marar takardar izini ba ya wuce shingen bincike, gara a ɗage tafiyar.

Kafin a tashi a duba ruwan lagireto injin yana sanyi, a duba man birki da iskar taya har da sifeya. Mai ba shi da tsada: lita ɗaya ta mai lamba 91 riyal 2.18 ce, ƙaramar mota za ta sha kamar lita 30 zuwa 35 zuwa da dawowa da ɗan zagaye, wato riyal 80 ya isa. Wannan kai baƙo za ka biya. A wajen hawa, in allurar zafi ta fara tashi a kashe na'urar sanyi, in ta ci gaba a sami inda aka faɗaɗa gefen hanya a tsaya. Kada a buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan a matse yake, fuska zai wanke. Kunne zai toshe, haɗiyar yawu ko hamma tana buɗe shi. Mai jiri a mota ya zauna gaba, ya kalli nesa, ya ajiye waya, kuma kada a cika wa yara ciki kafin a fara hawa.

Gangarowa ta fi hawa hatsari, kuma direbanmu na Kano, da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, a nan yake kuskure. Yana ɗora ƙafa a birki ya bar ta. Birki gogayya ce, gogayya zafi ce, in aka yi kilomita goma ana haka sai faifan ya yi zafin da takalmin birkin ba ya kamawa, man birkin kuma ya tafasa. Sabon mai yana jure fiye da digiri 200, amma wanda ya tsufa ya sha danshi, irin na motar da ta shekara a iskar Jidda, yana iya tafasa tun a 140. Da ya tafasa ya zama tururi, sai ka taka ka ji feda ta tafi ƙasa salin-alin. Maganin shi ne giya. Mai giyar hannu ya sauko a ta biyu ko ta uku, mai otomatik ya mayar L ko 2, injin ya riƙe motar, birki kuma a taka da ɗan ƙarfi a saki, a taka a saki. In ka ji warin ƙauri ka tsaya minti ashirin, kuma kada ka watsa wa faifan ruwa, lanƙwashewa zai yi. Kyamarorin Sahir masu kama gudu suna nan a hanya, tarar gudu kuma sunan mai motar take bi, wato abokinka.

A saman Hada za ka tarar da birai, manyan nan irin bika, zaune a kan katangar hanya garke guda. Sun saba da mutane har sun raina su. Za ka ga babban namijin, mai furfurar gashi a kafaɗa, ya tako ya hau bonet ya leƙo gilashi yana duba hannun kowa. A rufe taga, kada a fito da leda a hannu, don a wurinsu duk leda abinci ce, kuma kada a bar yaro ya miƙa musu ayaba. Cizo ko yaƙushinsu sai asibiti, a ranar. Akwai kuma keken igiya, talafirik a bakinsu, da ke sauka daga Hada zuwa Kar, tafiyar kamar kilomita huɗu a rataye. Daga ciki ana hango tsohuwar hanyar raƙuma da aka jera da duwatsu tana nannaɗe a jikin dutsen.

A tafi da rigar sanyi ko da a Jidda gumi ake. Duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kamar digiri shida, ka ga tsakanin garuruwan biyu akwai goma ko fiye, da hunturu kuma daren Shafa yana kusa da ƙanƙara. Kwana ɗaya a can ya fi a je a dawo a yini, musamman ga mai son wardi, don da asuba ake tsinkarsa kafin rana ta kwashe ƙamshin. Daga gona ake kai shi matatar a zuba a manyan tukwanen tagulla da ruwa, a rufe, a hura wuta a hankali. Tururin yana bi ta bututun da ya ratsa cikin ruwan sanyi, ya koma ruwa yana ɗiga a cikin kwalba mai dogon wuya, man kuma ya taso sama siriri a zuƙe shi da sirinji. Sai an dafa fure fiye da dubu goma kafin a sami tola ɗaya, tola kuwa ba ta kai giram 12 ba. Masu sayen turare su riƙe wannan lissafin: wanda ya miƙo maka tola a kan riyal hamsin ya ce tsantsar wardin Ɗa'ifa ce, haɗi ne. Mai ƙaramin ƙarfi ya sayi ruwan wardin, shi ma na gaske ne kuma da araha. Rumman da inabi da ɓaure sai ƙarshen bazara, zuma kuwa kullum akwai, amma a ɗanɗana kafin a biya.

A cikin gari a yi salla a Masallacin Abdullahi ɗan Abbas, a nan Ɗa'ifa ya rasu a shekara ta 68 bayan Hijira, kabarinsa yana jikin masallacin. Ana kuma kai mutane wajen Masallacin Addas, a yankin da ake dangantawa da lambun da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fake bayan mutanen garin sun jefe shi. Wanda ya hau dutsen nan a mota mai sanyi ya ji yadda ya gaji, zai fahimci wannan tafiyar fiye da yadda ya ji ta a wa'azi. Fadar Shubra ma tana nan, a garin ne Sarki Abdul'aziz ya rasu a 1953, a nan kuma aka ƙulla yarjejeniyar 1989 da ta kawo ƙarshen yaƙin basasar Lebanon. In yunwa ta zo a nemi salik, shinkafa ce da aka dafa da romo da madara har ta yi laushi kamar fate, a ɗora kaza a kai.

Game da salla, Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa ɗan Abbas yana yin ƙasaru a tafiya irin ta tsakanin Makka da Ɗa'ifa, da irin ta tsakanin Makka da Jidda. Don haka wannan fita ta ƙasaru ce, ko da kana cika salla a Jidda saboda ka yi niyyar zaman kwana huɗu ko fiye. Mai son ya yi Umara a hanyar dawowa kuma mikatinsa yana kan hanya: Wadi Muhrim in ta Hada zai sauko, Sailul Kabir, wato Ƙarnul Manazil, in ta ɗaya hanyar ce. Sai ya sa haraminsa a jaka tun daga Jidda, ya kuma nemi izinin Umarar a manhajar Nusuk.

Kada a sa Ɗa'ifa a jajibirin tashi. In aka rufe Hada, ko mota ta ba da matsala, jirgi ba zai jira ba, bizar ma haka. A bar aƙalla kwana biyu tsakanin saukowa da komawa Kano, a yi awon kaya a gida da sikeli, don kuɗin kilon da ya haura a filin jirgi yakan fi kuɗin tsarabar, kuma aljihun mai rakiya ake kallo.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Mai karatu daga Fagge, Kano